Kano Zuwa Kumasi A Mota: Yadda Muka Auna Haɗarin Hanya Kafin Mu Ɗaure Kaya

Mu goma sha biyu ne muka ƙulla shawarar, dukkanmu ɗaliban jami'a 'yan aji biyu da aji uku. Abin da ya jawo ta wani darasin tarihi ne da aka yi mana a kan fataken goro. Malamin ya ba mu labarin yadda kakanninmu suke tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, su shafe watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, wadda a yau take cikin Gana. Kafin a fita daga aji wani a cikinmu ya riga ya ce, “Wallahi mu ma sai mun taka ƙasar nan.” Muka fara adashi, muka ce a mota za mu tafi har Kumasi, domin kuɗin jirgin sama ba na aljihun ɗalibi ba ne.

Ku ƙannenmu da ke sakandare, watarana za ku shirya irin wannan tafiya, ko da makaranta ko da abokai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin makonni ukun da muka yi muna gardama kafin mu tsayar da hanya.

Da muka buɗe taswira, hanyoyi biyu ne suka fito fili. Ta farko ta arewa ce: daga Kano zuwa Katsina, a tsallaka iyaka a Jibiya, a shiga Maraɗi, a wuce Birnin Ƙonni da Dosso zuwa Yamai, daga nan a shiga Burkina Faso har Wagadugu, sannan a gangaro Gana ta garin Paga, a ratsa Tamale zuwa Kumasi. Ta biyu ta kudu ce: kusan kilomita 1,000 daga Kano zuwa Legas, a tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano, a ratsa Lome, a shiga Gana ta Aflao, a isa Akra, sannan a ƙara kilomita wajen 250 zuwa Kumasi.

Ba sai an tambaya ba, zuciyarmu tana wajen ta arewa. Hausa za mu yi ta ji har mu wuce Dogon Dutsi, abincin namu ne, ga mu da 'yan'uwa a Maraɗi da za su sauke mu kyauta. Ta kudu kuwa iyaka uku ce, ga cunkoson Legas, ga Faransanci da babu mai jin sa a cikinmu in ban da mutum ɗaya, shi ma gaisuwa kawai ya iya.

A zaman farko ba abin da muka yi sai musu. Wannan ya ce ya ji an tare hanya a wuri kaza, wancan ya ce ai abokinsa ya bi ta wurin bara lafiya lau. Wata 'yar ajinmu da ke karanta ilimin ƙididdiga ce ta gaji, ta tashi ta ɗauki alli. Ta ce kowane haɗari muka ambata, mu yi masa tambaya uku. Yaya yawan faruwarsa a wannan hanya? Idan ya same mu, abin da ake iya gyarawa ne ko kuwa an tafi ke nan? Kuma wa zai kawo mana ɗauki, cikin awa nawa? Ta ce “abokina ya bi lafiya” ba hujja ba ce, domin wanda bai bi lafiya ba ai ba ya nan balle ya ba da nasa labarin. Wannan magana ta sa ɗakin ya yi tsit.

Da waɗannan tambayoyi muka sake duba hanyar arewa, sai ta faɗi tun a zagayen farko. Yankin Jibiya ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. Daga Yamai zuwa iyakar Burkina Faso kuma sai an ratsa jihar Tillaberi, inda ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka shafe shekaru suna kai hare-hare, haka ma gabashin Burkina, wajen Fada Ngurma. Ko a Kure, dajin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai, wanda a da masu yawon buɗe ido ke ɗauka wurin shaƙatawa, an kashe mutum takwas a watan Agustan 2020, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. A irin wannan hanya amsar tambaya ta biyu ita ce ba a gyarawa, amsar ta uku kuma ita ce babu kowa.

Ga kuma siyasa. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda rufewar ta rutsa da shi a ƙetare ya san abin da ya gani. A watan Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Jama'a na ci gaba da zirga-zirga, amma mun fahimci cewa iyakar da take buɗe ranar tafiya ba lallai ba ne a same ta buɗe ranar dawowa. Muka soke hanyar arewa, ranmu ba ya so. Mutum biyu suka yi fushi suka ce a mayar musu da kuɗinsu, aka mayar.

Mun ɗauka an gama, tunda mun kauce wa bindiga. Kawun ɗaya daga cikinmu ne ya nuna mana ba mu fara ba. Tsohon direba ne da ya yi shekaru yana ɗauko motoci daga Kwatano. Muka same shi a ƙofar gida bayan la'asar, muka gaishe shi, muka zayyana masa shirinmu. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, “To yarana, ƙarfe nawa motarku za ta tashi?” Muka ce ta dare za mu shiga, don ta fi araha, kuma mu wayi gari mun ci rabin hanya. Ya girgiza kai. Ya ce a cikin abokan aikinsa da ya rasa, waɗanda barci da gudu suka kashe sun fi waɗanda ɓarayi suka taɓa nesa ba kusa ba.

Da muka koma muka bincika, sai muka tarar alƙaluma suna bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, wato mu da ku. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen hanya idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Hukumar ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Abin mamaki, a duk makon da muka yi muna gardama a kan 'yan bindiga, babu wanda ya ambaci taya ko birki ko bel. Labarin hari yana yawo a waya har mako guda, ita kuwa bas ɗin da ta afka wa tirelar da aka ajiye a duhu ba alama, layi biyu ake ba ta a labarai a wuce. Tsoronmu yana bin abin da ya fi amo ne, ba abin da ya fi kusa da mu ba.

Nan muka sake lissafi. Babu tafiyar dare, ko da kuwa za mu biya kuɗin masauki sau biyu. Kafin magariba mun sauka. Za mu shiga motar da ke lodi a tasha, mai rubuta sunayen fasinjoji da lambar wayar danginsu, ba wadda ake tsayarwa a bakin titi ba. Kafin mu biya, mutum biyu za su zagaya su duba tayoyi, su ga ko kujerun suna da bel, su tambaya ko direba ɗaya ne zai ja tun daga Kano har Legas. Kawu ya ƙara mana da cewa idan direba ya fara gudun wuce hankali, kada mu ji kunyar yi masa magana, kuma mu yi ta tare, don direba yana raina murya ɗaya amma ba ya raina goma. A cikin Najeriya ma akwai zaɓi: ta Birnin Gwari da Mokwa ta fi gajarta, amma sunan da hanyar Birnin Gwari ta yi wajen garkuwa da mutane ya sa muka zaɓi ta Abuja da Lokoja. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, 122, da ta Gana, 112, duk mun adana su a waya, mun kuma rubuta a takarda.

Lokacin tafiyar ma sai da ya canza. Babban hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, kuma ambaliyar da ta afka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, ta hallaka mutum fiye da 150, ta tuna mana abin da ruwa ke yi wa hanya da gada. Muka ɗage zuwa hutun Disamba. Shi ma yana da nasa, hazo da cunkoson masu tafiya bikin Kirsimeti, don haka muka sa ranar tashi a farkon hutu.

Maganar takardu ba ta ɗauke mu lokaci ba, amma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90. Rashin biza ba rashin takarda ba ne. Sai da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, katin makaranta ba ya tsallakar da kowa. Sai kuma katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Akwai masu sayar da katin a bakin iyaka ba tare da allura ba. Wanda ya saya ya yaudari jami'i, amma sauron da ke ɗauke da cutar ba ya karanta kati. Ku da ba ku kai shekara 18 ba, ku ƙara da takardar amincewar iyaye, kuma kada ku tsallaka iyaka ba babba tare da ku.

Abu guda da Kawu ya maimaita har sau uku shi ne saƙo. Ya ce a tasha za a samu mai fuskar mutunci, wani lokaci tsohuwa, ta ce don Allah ɗana kai wa jikata wannan ƙunshi a Lome. Kada mu karɓa, ko da za a ce ba mu da tarbiyya. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka, kuma ƙwayoyi irin su tiramadol sun jefa matafiya da yawa kurkuku a ƙasar da ba su san kowa ba. Haka nan kada a ɗaga waya a ɗauki hoton shingen sojoji ko ofishin iyaka. Mu da muke ɗaukar hoton ko kwanon shinkafa kafin mu ci, wannan doka za ta yi mana wuya.

Akwai wanda ya ce duk wannan tsoro ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Ba mu musa masa ba. Mun dai tuna masa cewa fataken da muke son bin sawunsu sun fi mu tawakkali, amma ba su taɓa tashi kara-zube ba. Ayari yana da madugu mai yanke hukunci, yana da jagaba da ya san hanya da inda za a ya da zango, kuma suna jiran rani kafin su ɗaura wa jakuna kaya. Mu ma muka naɗa madugunmu, muka raba kuɗin tafiya hannun mutum uku, wani a naira, wani a sefa, wani a sidi, muka ware kashi ɗaya bisa biyar ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. A Kano kuma mun bar yayar ɗaya daga cikinmu da kwafin fasfo ɗin kowa da jerin garuruwan da za mu kwana. Kullum da safe da yamma za mu kira ta. Idan ta ji shiru har ƙarfe tara na dare, ta san wanda za ta kira, har da ofishin jakadancin Najeriya a Akra.

Abu mafi wuya shi ne yarjejeniyar fasawa. Mun rubuta, kowa ya sa hannu, cewa mako guda kafin tafiya za mu sake bin labarai, mu kuma kira wasu 'yan'uwa a zangon Kumasi da a Legas. Idan aka rufe ɗaya daga cikin iyakokin nan uku, ko rikici ya ɓarke a garin da za mu ratsa, an fasa, kuma ba wanda zai ce ai mun riga mun kashe kuɗi. Mun rubuta ta tun yanzu ne saboda mun san halinmu, ranar da jaka ta hau kafaɗa ba mai son jin gaskiya.

Mu goma muka rage, kuma har yanzu mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matanmu bai ba da amsa ba. Ya ce a kawo masa takardar shirin ya karanta da kansa, ya kuma nemi lambar wayar Kawu. Ranar Litinin mai zuwa za mu je a yi mana allurar shawara.