Kwamfutar kwantum: me ƙananan injinan ke iya lissafawa a yau?

A watan Oktoban 2025 aka bai wa masana kimiyyar fiziks uku kyautar Nobel: John Clarke, John Martinis da Bafaranshe Michel Devoret. Binciken da suka yi a Berkeley ta Amurka a 1984 da 1985 ya nuna cewa da'irar lantarki da ido ke iya gani tana iya bin dokokin kwantum, waɗanda a da aka fi sani a ƙwayoyin zarra. A kan wannan tushe kamfanoni irin su IBM da Google ke gina kwamfutocinsu na kwantum.

Mene ne kubit?

Kwamfutar da muka saba da ita tana lissafi da bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Ita kuwa ta kwantum da kubit take aiki, wanda ke iya zama gaurayen 0 da 1 har zuwa lokacin da aka auna shi. Ana ƙera irin wannan kubit da ƴar da'irar alminiyom, a sanyaya ta zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. A nan wuta ke ratsa ƙarfen ba tare da tirjiya ba. Umarni kuma da gajerun igiyoyin rediyo ake aika masa.

Ƙwarya huɗu, tambaya ɗaya

A ce an kife ƙwarya huɗu, an ɓoye goro a ƙarƙashin ɗaya. Mai nema zai iya buɗe har uku kafin ya tabbatar da inda goron yake. Dabarar da Lov Grover ya fitar a 1996 tambaya ɗaya tak take buƙata: ana haɗa dukkan amsoshin huɗu a cikin kubit biyu, sannan a juya su ta yadda amsoshin banza za su soke juna, ta gaskiya ta ƙarfafa. A 2009 masana a Jami'ar Yale suka gudanar da wannan lissafi a kan injin mai kubit biyu.

A 2012 tawagar Martinis a Santa Barbara ta gwada dabarar Peter Shor ta 1994, ta gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. Ɗan firamare ya san wannan amsa, amma abin da ake so a tabbatar shi ne cewa hanyar tana aiki a kan injin gaske.

Inda gizo ke saƙa

Kubit ba ya daɗewa a halinsa. Ɗan zafi ko ƴar hayaniyar lantarki na iya ɓata shi, kuma a mafi yawan injinan yau hakan na faruwa kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kowane mataki na lissafi yana ƙara ɗan kuskure, don haka lissafi mai tsawo yakan dagule. Shi ya sa ake maimaita gwaji ɗaya sau dubbai, a ƙirga amsar da ta fi fitowa.

Mafita ita ce a haɗa kubit da yawa su riƙa gyara wa juna kuskure. A Disamban 2024 Google ya nuna, da injinsa Willow mai kubit 105, cewa kuskure na raguwa idan aka faɗaɗa rukunin.

Me ya shafi mai karatu?

Tsaron bankuna da na intanet ya dogara a wurare da dama kan wahalar rarraba manyan lambobi, wato aikin da dabarar Shor ke sauƙaƙawa. Karya irin wannan makulli na buƙatar kubit masu yawa ƙwarai fiye da na injinan yau, don haka mai aika kuɗi ga iyalinsa ta waya ba shi da abin fargaba a yanzu. Duk da haka, a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin ɓoye bayanai da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantum.

Ga ɗalibai kuwa, ƙofa a buɗe take. A watan Mayun 2016 IBM ya sa injinsa mai kubit 5 a intanet kyauta, kuma da manhajar Qiskit ɗalibi a Yamai ko Marwa zai iya rubuta lissafin ƙwarya huɗun nan ya gwada da kansa.