Neman Kamshaf ɗin Fijo 504 a Sabon Gari

Wanda ya taso daga Fagge ya biyo ta 'Yan Kura ya faɗa Sabon Gari, tun bai kai layin masu kayan gyaran mota ba hancinsa zai shaida masa ya iso, domin warin baƙin mai da giris ya kama ƙasar wurin. Shagunan ƙanana ne, amma maƙil suke. An rataye gasket da fambel a jikin ƙusa, fistin da ringi suna cikin kwalaye har rufi, manyan ƙarafa kuma an jere su a ƙasa bakin ƙofa. Kafin ka yi sallama yara 'yan kamasho sun tare ka: "Alhaji, me ake nema? Wace mota ce?"

Unguwar ta kafu ne a wajajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano, aka keɓe ta domin baƙi daga kudu. Har yau akasarin masu wannan sana'a a nan Ibo ne, da yawansu 'yan Nnewi, garin da ya yi suna da ita. Yaro yakan yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima kafin a sallame shi da jari. Masu saye kuwa kanikawa ne da direbobi daga Fagge da cikin birni, har da na Katsina da Maraɗi, kuma da Hausa ake cinikin. Kayan iri uku ne: sabo a kwali, da ɗan Beljiyam wanda aka ciro daga tsofaffin motocin Turai ya shigo ta Legas ko Kwatano, sai na gida da aka cire daga motar da aka yanka, wanda an fi samunsa a Ƙofar Ruwa.

Babu inda gwanintar kasuwar ke fitowa kamar ranar da aka zo neman kayan tsohuwar mota, musamman Fijo 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ne kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma 504 ta zama motar gwamnati da ta haya da ta magidanta. Yanzu ta yi ƙaranci a titi, amma akwai masu riƙe da ta mahaifinsu, sun ƙi rabuwa da ita. Idan irin waɗannan suka tashi sauke inji, kamshaf na cikin abin da ke ba su wahalar samu.

Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi a jere. Injin 504 mai fetur silinda huɗu gare shi da bawul takwas, kowane bawul da ƙusumbinsa da ke tura shi ya buɗe a kan lokaci, mai ya shiga, hayaƙi ya fita. Sarƙa ce ke juya shi, kuma sai kiranshaf ya zagaya sau biyu kafin shi ya zagaya sau ɗaya. Idan ƙusumbi ɗaya ya cinye, bawul ɗinsa ba zai buɗe sosai ba, sai mota ta rasa ƙarfi tana ƙas-ƙas.

Shi ya sa tsohon bakanike ba ya zuwa hannu rabbana, da tsohon kamshaf ɗin yake tafe a cikin buhu. Idan mai shago ya ɗauko nasa, sai ya sa tsumma da ɗan fetur ya goge shi tas, ya fito da shi cikin rana. Zai bi kowane ƙusumbi da farcen babban yatsa. In farcen ya maƙale a wani zane ko ɗan rami, magana ta ƙare. Daga nan ya jera su biyun a ƙasa, ya gwada tsawo, ya duba haƙoran da ke juya distiributa da famfon baƙin mai, ya duba wuraren da sandar ke zama ko sun yi shuɗi saboda zafi. Mai ma'auni yakan auna tsayin kowane ƙusumbi. Ba ya kuma yarda ya ɗora sabon kamshaf a kan tsofaffin tafet, domin su za su cinye shi.

Masu tayar da tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka sukan zaɓi kamshaf mai dogon ƙusumbi, wanda ke daɗe da bawul a buɗe. Yana ƙara ƙarfi idan inji ya ɗauki wuta, amma mota ba ta zama lafiya a silo, ga shan mai. Motar da za ta yini a cunkoson Kantin Kwari ba ta bukatar wannan. Irin wanda kamfani ya sa mata shi ne daidai da ita.

Sai ciniki. "Oga, nawa za ka bar mini?" "Malam, taya mana." A yi ta albarka har a daidaita. Mai shago na gari zai ɗiga wa ƙarfen fenti don ya shaida kayansa, da sharaɗin in bai hau ba a dawo da shi. Wannan alkawari shi ne jarin kasuwar na gaskiya, domin jabu ya yi yawa, kuma kwali mai kyau ba ya nuna ingancin abin da ke ciki. Araha ba ta ado: mai gudun tsada yakan sauke inji sau biyu.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan ido da wannan farce suna tsufa, yaran gareji kuma sun fi karkata ga motocin da kwamfuta ke faɗin ciwonsu. Ina kira ga ƙungiyoyin kanikawa da 'yan kasuwar Sabon Gari su sa matasa su zauna gaban dattawan nan tun suna raye. Kai kuma mai tsohuwar mota, kada ka je kasuwar nan kai kaɗai: tafi da bakanikenka da tsohon ƙarfenka, ka sayi kaya wurin wanda zai karɓa in ka dawo da shi.