Allura da Zare a Gefen Gadon Majinyaci

Duk wanda ya shiga gidan da ake jinya a ƙasar Hausa ya san gaisuwar da zai yi: "Sannu, ya mai jiki?" Gaisuwa ce mai kyau, sai dai takan tsallake wanda ake yi wa ita, ta faɗa kan wanda yake kwance. Da wuya ka ji an tambayi matar da ta kwana a zaune ko ta runtsa, ko kuwa rabonta da cin abinci cikin natsuwa kwana nawa ne. Mun ɗauka haƙuri da lada sun ishe ta, alhali jiki da jini ce.

Wannan sakaci yana da tsada. A shekarar 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Richard Schulz da Scott Beach, sun wallafa sakamakon bibiyar da suka yi wa dattawan da ke jinyar mazajensu ko matansu har tsawon shekara huɗu. Sun gano cewa waɗanda jinyar ta jigata sun fi takwarorinsu marasa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin ɗari. Wato mai jinya na iya rigan majinyaci tafiya.

Yau shekara uku ke nan da maigidana ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Aikin irin wannan jinya sananne ne: a juya shi duk bayan awa biyu don kada fatar bayansa ta salaɓe, a ba shi magani a kan lokaci, a motsa masa gaɓoɓi, a tallafe shi ya yi salla. Tsakanin waɗannan ayyuka akwai dogon zama, kuma a cikin zaman ne zullumi yake cin mutum. Abin da ya riƙe mini hankali shi ne ɗinkin bargon ƙyallaye.

Bargon hawa uku ne. A sama akwai guntattakin atamfa da shadda da aka yanka daidai da juna aka harhaɗa su zuwa zubi guda. A tsakiya shimfiɗar auduga. A ƙasa yadi falle ɗaya. Sai a bi su da ƙananan ɗinki a jere, allura tana ratsa duka ukun, don kada audugar ta dunƙule bayan wanki. Ƙyallayen kuwa sauran yanka ne da teloli kan share su zubar.

Dalilin da ya sa wannan aiki ya dace da jinya shi ne ba ya jayayya da majinyaci. Ba ya ƙara irin ta keken ɗinki, ba ya jiran wutar lantarki, ba ya fitar da ni daga ɗaki. Da zarar maigida ya yi tari, sai in soke allurar a jikin ƙyalle in tashi. Idan na dawo, ɗinkin yana nan inda na bar shi. Abu mafi girma kuma shi ne, a doguwar jinya mutum yakan yi aikin yini guda cur, gobe ya tarar kamar bai yi komai ba. Bargo kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Tafin hannu guda da na ɗinka jiya ba ya warwarewa yau. Mai jinya tana bukatar ganin wani abu da yake ci gaba a hannunta.

Ba ni na fara neman sauƙi a wurin allura ba. A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna harhaɗa tsofaffin kayan aikin gona su yi barguna saboda sanyi. A 2002 aka baje ayyukansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki. A 1987, iyalai da abokan waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe sun shimfiɗa wani makeken bargo a birnin Washington, mai falle 1,920, kowane falle ƙafa uku a faɗi, shida a tsawo, gwargwadon kabari. Matan Bangal, a Indiya da Bangaladash, suna da nasu mai suna kantha, wanda suke yi da tsofaffin zannuwansu. Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lifidin da 'yan lifida ke sanya wa dawakai a hawan salla haka ake yin sa: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya. Kakanninmu sun kare doki daga kibiya da shi.

Na san abin da wasu ke faɗa, domin ya iso kunnena: miji yana kwance, ita kuma ta sami sukunin yin ado da ƙyalle. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da aka hana ta numfasawa za ta ci gaba da hidima, amma da ɗaurarriyar fuska da gajeren haƙuri, kuma majinyaci ne farkon wanda zai gani. Mara lafiyar da harshensa ya yi nauyi fuska yake karantawa. Nawa maigidan da hannunsa mai lafiya yake nuna mini launin da za a sa a gaba, kuma bargon da yake lulluɓa da shi lokacin hunturu akwai yankin tsohuwar rigarsa ta zuwa aiki a ciki.

Ba cewa nake yi kowace mai jinya sai ta koyi ɗinki ba. Wata saƙa ce, wani ɗinkin hula ne, domin maza ma suna jinyar matansu. Abin da nake roƙo daga dangi da maƙwabta kaɗan ne. Idan kun zo dubiya kun tarar da mai jinya da wani aiki a hannu, kada ku yi mata kallon mai sakaci. Ku tambaye ta nata jikin. Wanda yake da hali ya karɓe ta zaman awa biyu, ta yi barci ko ta leƙa gidansu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu ɗawainiya da su.