Gogewa ko Takardar Shaida? Abin da Noman Dankali a Bonkuku ke Koya Mana

1. Gabatarwa

Ana yawan tambaya ko gogewa a kan aiki ta fi takardar shaidar karatu amfani ga mai neman abin kansa. A wannan maƙala za mu nuna cewa amsar ta dogara ga kasuwar aikin da mutum ya shiga. Mun ɗauki misalinmu daga Bonkuku, cibiyar Imanan, cikin gundumar Filinge ta jihar Tilaberi.

2. Inda takarda ke mulki

A aikin gwamnatin Nijar an kasa ma'aikata aji-aji, daga A zuwa D, kuma takardar da mutum ya shigo da ita ce ke zaɓa masa aji da albashi. Shekarun aiki suna ƙara masa mataki a cikin ajinsa, amma hawa aji na sama sai da jarrabawa ko ƙarin karatu. Saboda wannan tsari ne aka kafa makarantu irin su ENA ta Yamai a 1963, da IPDR ta Kollo mai horar da malaman gona. Muddin gwamnati na ɗaukar masu fitowa daga waɗannan makarantu, takarda tamkar alkawarin aiki ce. Tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990, da karya darajar sefa a Janairun 1994, sun warware wannan alkawari. Daga 1998 aka shiga ɗaukar malaman makaranta ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da yawansu ba tare da cikakken horon koyarwa ba.

3. Inda gogewa ke mulki

Bonkuku na cikin Dallol Boso, inda ruwan ƙasa ke kusa. Wannan ya sa noman rani ya kafu, musamman na dankalin turawa da ake kaiwa kasuwannin Yamai. A nan babu mai tambayar manomi takarda. Yanka iri a bar ido a kowane yanki, sanin lokacin shuka bayan damina, yawan ban ruwa a ƙasa mai yashi, tara ƙasa a gindin shuka: duk a gona ake koyonsu, wajen uba ko maƙwabci. Ɗan kasuwar da ke ba da iri bashi yana duba amanar mutum ne da amfanin da ya fitar bara.

4. Iyakar kowanne

Sai dai gogewa na da iyaka. Manomi ya ga cewa irin da aka ajiye daga girbin bara ba ya yin albarka kamar sabo. Dalili kuwa, wato cututtukan da ke taruwa a cikin iri shekara bayan shekara, a makaranta ake bayaninsa, kuma shi ya sa ake sayo iri daga Turai da tsada. Haka nan faɗuwar farashi lokacin girbi: kowa na sayarwa a lokaci guda domin zafin bazara na lalata ajiya. Maganin wannan na buƙatar ma'aji mai sanyi, lissafin ƙungiya da yarjejeniyar bashi a rubuce. A ɗaya gefen, malamin gona sabon fitowa wanda bai taɓa kai dankali girbi ba, da wuya a saurari shawararsa. A tashar Tukunus ta ƙasar Kurfai ma, inganta shanun Azawak ya haɗa rajistar likitocin dabbobi da idon makiyaya.

5. Kammalawa

Mun ga cewa takarda ita ke buɗe ƙofar ofis, gogewa kuma ita ke jawo amincewar mutane. Matsalar ita ce babu gada tsakaninsu: manomin da ya shekara ashirin a kan dankali ba shi da hanyar zama mai horarwa a hukumance. Faransa ta yi doka a 2002 wadda ta ba da damar samun takardar shaida ta hanyar auna gogewar aiki. Muna ganin ya dace sassanmu su yi nazarin irin wannan tsari, a yi awon da Hausa, Zabarmanci ko Tamashek, kuma a tura ɗaliban aikin gona su yi cikakken rani guda a fadama kafin a ba su takarda.