Jijiyar cinya da ake aro don ceton ƙafa

Kawuna ya daɗe yana fama da ciwon suga, ga taba da bai ajiye ba sai da furfura ta cika masa kai. Ƙusa ya taka a gona, ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo har ƙashin diddige ya bayyana. Da likitan tiyata ya ce za a yanko fata daga cinyarsa a rufe wurin, sai na tambaye shi: "Likita, jijiyoyin da suka gaza kai jini diddige, me zai sa na cinya su fi su?"

Aikin ba yankan fata kaɗai ba ne. Ana ɗauko fatar gefen cinya tare da jijiyar da ke shayar da ita, a kai inda raunin yake, a ɗinke bakin jijiyar da wata jijiyar wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siriri. Likitocin ƙasar Sin, Song da abokan aikinsa, su suka fara bayyana dabarar a 1984. A 2002 Fu-Chan Wei na Taiwan ya wallafa sakamakon irin wannan dashe guda 672, kuma yau ana amfani da ita wajen gyara baki da wuya bayan cire ciwon daji.

Babbar jijiyar cinya takan rabu biyu a ƙasan matsematsi. Ta sama tana zarcewa zuwa bayan gwiwa, ita ce kitse ya fi yawan toshewa ga masu suga da mashaya taba. Ta ciki tana nutsawa cikin tsoka, daga gare ta wani reshe ke gangarowa ta gefen cinya, shi ake aro. Wannan reshen sau da yawa yakan tsira ko da cutar ta ci sauran. Har likitocin zuciya sun taɓa ɗaukarsa don gyara hanyar jinin zuciya.

Sai dai a nan ne abin ya fi damuna. Idan jijiyar sama ta toshe, jini kan nemi ɓarauniyar hanya, ya bi ta wannan reshen ya haɗu da ƙananan jijiyoyin gwiwa, da haka ƙafar ke rayuwa. A yanke shi a irin wannan hali, an rufe rami an tona rijiya. Shi ya sa ban yarda a wadatu da ƙaramar na'urar da ake ɗorawa a fata ana jin bugun jini ba. Mai ciwon jijiya yana buƙatar hoton siti-sikan na jijiyoyinsa kafin a ɗauki wuƙa, duk da tsadarsa.

Hoton kawu ya nuna jijiyar sama ta ƙafar mai ciwo ta toshe. Sai da aka buɗe hanyar tukuna, sannan aka ɗauko fatar daga ɗaya cinyar. Kwanakin farko ma'aikaciyar jinya na zuwa kowace awa tana danna fatar da yatsa, ta ga ko jini na dawowa. Ranar da aka sallame mu, ya kama hannuna ya ce, "Ɗiyata, nemo min takalmi mai taushi."