Mafarauci da Bindigarsa a Hanyar Kurmi

Kowace shekara, da zarar an gama kaka, mafarauta sukan taso daga ƙauyukan Arewa da karnukansu da bindigoginsu su gangaro Kurmi. Sukan yi watanni a dawa, sa'an nan idan Salla ta matso ko damina ta kusa, su nemi motar kaya su koma gida. Tsohuwar sana'a ce, amma hanyar ta sake.

A ƙarshen watan Maris na 2025, saura 'yan kwanaki Ƙaramar Salla, waɗansu mafarauta suka taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su Kano. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tare su, suka ga bindigogin toka, sai aka ce ga masu satar mutane. Jama'a suka taru suka kashe mutum 16. Daga baya 'yan sanda suka kama waɗansu, Gwamna Monday Okpebholo ya dakatar da ƙungiyoyin banga marasa rajista, ya kuma je Kano ta'aziyya. Ba wata doka da ta yarda a kashe mutum don an gan shi da bindiga. Da lasin ko ba lasin, ofishin 'yan sanda ake kai shi. Amma ta'aziyya ba ta tada mamaci, saboda haka ya kamata mai wannan tafiya ya san matsayinsa tun kafin ya hau mota.

Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa ko'ina cikin ƙasa. Sai dai sha'anin makamai yana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne makaman yaƙi da ƙananan bindigogin aljihu, watau fistol da libarba. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne irin su bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasin ɗinsu kuwa daga Sufeto-Janar na 'Yan Sanda yake fitowa. A 2023 ma Sufeto-Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a hannun jama'a. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, watau bindigar toka ko harba-ka-ruga, kuma dokar ta bar sha'aninsu ga Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha.

To, a nan gizo ke saƙar. Yawancin mafarauta bindigar toka gare su, ikon Kwamishina kuwa bai wuce iyakar jiharsa ba. Tsakanin Fatakwal da Kano mota za ta ratsa jihohi da dama, ta bi ta Auchi da Okene da Lokoja da Abuja da Kaduna. Saboda haka mai takardar Kano kada ya ɗauka ta gama masa magana a Edo ko Ondo. Ya fara tambayar hedkwatar 'yan sandan jihar da zai sauka. Matambayi ba ya ɓata.

Har wa yau, katin ƙungiyar mafarauta ba lasin ba ne, haka ma wasiƙar Sarkin Baka. Shaida ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma a gaban alƙali. Lasin na mutum guda ne da bindiga guda, ba a aronsa, ba a gadonsa. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Dokar Fashi da Makami ta 1984 kuwa ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Bugu da ƙari, izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Jihohi suna da dokokinsu na namun daji, an hana farauta a gandun daji na ƙasa irin su Okomu da Tsohuwar Oyo, kuma dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Dajin Kurmi ma ba sakakke ba ne, kusan kowane yana da garin da ke iko da shi.

Sauran kuma dabara ce, ba doka ba. Tun da satar mutane ta yi yawa, garuruwa suka cika da 'yan sintiri, jihohin Yamma ma suka kafa Amotekun a 2020, kuma da yawa daga masu tsare hanya ba sa jin Hausa. Ayarin da ya san ciwon kansa yakan fara sauka wajen Sarkin Hausawa, shi kuma ya kai su ga basaraken gari da babban jami'in 'yan sanda, a rubuta sunayensu da yawan bindigoginsu. Ran komawa su karɓi takardar shaida mai hatimi. A zazzage bindiga kafin a hau mota, a naɗe ta, albarushi a jaka dabam. A yi tafiya da rana, a sa mai jin Turanci ko Buroka a gaba, kuma in an tsai da mota, shugaban ayari ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa tun ba a bincika ba.

Wannan nauyi yana kan shugabannin Sabo da Zango ma, domin idan tarzoma ta tashi a hanya, mai shayi da mai facin takalmi da ɗan acaba da ke zaune a garin su ne kan fara kwana a firgice. Baƙon mafarauci da ya sauka a unguwa, a tambaye shi takardunsa, a raka shi ofis kafin ya shiga daji.