Ba Kowace Shara ce Taki ba: Daga Madafar Yantala zuwa Lambu

Wanda ya bi hanyar bakin kogi a Yantala, cikin birnin Yamai, zai ga fangalan salati da kabeji da zogale, ga masu sayar da dashen itatuwa jere a gefen hanya. A wannan yanki ne mazaunin INRAN yake, wato cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da aka kafa a 1975. Amma da an hau tudu an shiga unguwa, sai rairayi: a ba shuka ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta shanye. Taki ne ke sa irin wannan ƙasa ta riƙe danshi, kayan haɗa shi kuwa kullum suna fita daga madafa.

Ɓawon albasa, na dankali, na doya, na ayaba, na kankana da mangwaro, tsinken zogale da na yakuwa bayan an tsige ganye, duk ramin taki na maraba da su. Haka ganyen shayin da samari ke zubarwa bayan tafasa ta uku. Ɓawon ƙwai ma ya shiga, amma a daka shi tukuna, don in ba haka ba sai a daɗe ana tono shi yadda aka jefa. A gidan da ake kiwo, tunkiya ce ke fara zaɓar rabonta, kuma babu asara, tunda kashinta zai dawo ramin.

Ɗanyen kaya shi kaɗai doyi yake yi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna son busasshe ya fi ɗanye yawa: ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, karan gero da aka sassara. Idan haɗin ya yi daidai, cikin tarin kan kai zafin digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne ragowar abinci. Nama, ƙashi, kan kifi da nono suna jawo ɓeraye da ƙudaje da karnuka, ƙaramin ramin gida kuwa ba safai yake yin zafin da zai cinye su ba. Mai yana lulluɓe kaya ya hana iska shiga. Miya kuma akwai gishiri da magi, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ruwa na ƙafewa ya bar gishirin a fangali, har gefen ganye ya ƙone. Toka ana barbaɗa ta ne kaɗan-kaɗan. In ta yi yawa, sai ta kori sinadarin naitirojin ya bi iska. Kashin kyanwa da na kare ba su da wuri sam.

Mafi muni shi ne sharar tsakar gida da ake kwashewa gaba ɗaya. Nijar ta kafa dokar hana leda maras kauri tun Nuwamban 2014, amma har yau tana cikin kowane juji, kuma ba ta ruɓewa, sai dai ta dagargaje cikin ƙasa. Mataccen batirin tocila ya fi ta haɗari, don in ya fashe, ƙarafa masu guba ne ke malalowa inda ake shuka abin ci. Shi ya sa ya kamata uwargida ta ware bokiti guda a ƙofar madafa, ɓawo ya shiga tun kafin tsintsiya ta haɗa shi da sauran tarkace.

Sauran aikin na ruwa ne. A haƙa ramin a inuwa, a rufe da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwan wankin shinkafa ko na ganye, ban da mai sabulu. A juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, kuma sai a lokacin ya dace da fangalin salati, tunda ɗanye ake cin sa.